Toyota a Sakkwato: daga masaƙa zuwa hanyar Illela

Duk wanda ya riƙe mota ɗaya sama da shekara goma a garin nan ya zama malamin mota, ko ya so ko bai so ba. Tawa Corolla ce ƙirar 2005, kuma saboda an ga har yau tana kai ni Birnin Kebbi ta dawo, sai mutane ke tare ni a ƙofar masallaci ko a wurin ɗaurin aure da tambayoyi. Kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tara su wuri guda.

Wai da gaske ne masu Toyota asalinsu masaƙa ne?

Da gaske ne. Uban gidan, Sakichi Toyoda, ɗan kafinta ne da aka haifa a 1867 a Japan, kuma rayuwarsa duka a kan injin saƙa ta ƙare. A 1924 ya kammala wata masaƙa mai aiki da kanta, wadda da zarar zare ɗaya ya tsinke sai ta tsaya cak. A 1929 wani kamfanin Ingila, Platt Brothers, ya sayi haƙƙin ƙera ta a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro ne ya juya akalar gidan zuwa mota: ya buɗe sashen motoci a cikin kamfanin masaƙar a 1933, motar fasinja ta farko mai suna AA ta fito a 1936, sannan a 1937 kamfanin mota ya tsaya da ƙafarsa.

Sunan iyalin Toyoda ne, ma'anarsa gonar shinkafa mai albarka, kamar dai a ce fadamar Kwalkwalawa a shekarar da ruwa ya yi kyau. An mayar da shi Toyota ne saboda a rubutunsu zane takwas ke fitar da shi, takwas kuwa lamba ce da suke ɗauka ta sa'a. Garin Koromo da masana'antar take shi ma ya karɓi sunan a 1959.

To mene ne sirrin da ya sa motocinsu ke jurewa?

Ni a ganina amsar tana cikin masaƙar nan. Tsohon ya ƙi yarda inji ya ci gaba da saƙa alhali zare ya tsinke, domin duk abin da zai fito bayan nan asara ce. Wannan ɗabi'ar suka ɗauko suka kai inda ake haɗa mota. An rataya igiya a saman layin aiki, ƙaramin ma'aikaci idan ya ga kuskure yana da ikon ja, shugabansa ya zo, in abin bai gyaru nan take ba layin ya tsaya. A wasu masana'antun a wancan zamani, sai mota ta fito gaba ɗaya ake bin ta ana gyara abin da aka ɓata.

Talauci ma ya koya musu. A 1950 kamfanin ya kusa rushewa, ma'aikata suka yi yajin aiki, aka sallami da yawa, Kiichiro da kansa ya sauka daga shugabanci. Odar manyan motoci da sojojin Amurka suka ba su lokacin yaƙin Koriya ce ta dawo musu da numfashi. Bayan nan Eiji Toyoda da wani injiniya Taiichi Ohno suka gina tsarin da ba a jibge kaya a sito, sai abin da ake buƙata a lokacin da ake buƙatarsa. Wanda ba shi da tarin kaya a ajiye ba shi da inda zai ɓoye aikin banza, don idan ƙarfe ɗaya ya zo da aibi yau za a gani.

Abu na uku shi ne ba su da gaggawar sabon abu. Inji ɗaya sai su yi shekaru suna sa shi a motoci daban-daban, suna gyara masa ƙananan kurakurai. Matasa kan ce Corolla ba ta da burgewa, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma tun fitowarta a 1966 zuwa 2021 an sayar da sama da miliyan 50.

Mu da Fijo muka buɗe ido. Yaushe Toyota ta ƙwace filin?

Wanda ya kai hamsin ya san lokacin da babban ma'aikaci ba ya amsa sunansa sai da 504 a ƙofar gida. Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, gwamnati na saye, ma'aikata na samun rancen mota, tashoshi kuma sun cika da wagon. Toyota na nan a lokacin, amma an fi saninta da Land Cruiser da Hilux na aikin daji, da kuma bas ɗin Hayis.

Faɗuwar naira daga 1986 ce ta sauya lissafi. Sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, aka koma ga ta hannu daga Turai, wadda muke kira Beljiyam ko 'yar Kwatano. Da yawa daga tashar ruwan Kwatano suke bi ta Nijar su shigo mana. A nan ne aka gwada kowace mota da ma'auni ɗaya: wacce ce za ta yi shekara goma a hannun Bature, ta zo nan ta ƙara wasu goma? Carina, Starlet, Corolla da Camry suka ci jarrabawar. Da suka yi yawa sai kayan gyaransu suka yi yawa, kanikawa suka san su ciki da bai, wannan kuma ya sa aka ƙara sayensu. Rabin abin da muke kira ƙarkon Toyota a Sakkwato wannan ne. Ko a Tangaza ta tsaya maka, za ka sami yaron da ya taɓa kwance irinta.

Duk Toyota 'yar Japan ce?

A'a. Camry ɗin da ke zuwa mana daga Amurka yawanci a Kentucky aka haɗa ta, inda suke da masana'anta tun 1988. Sienna daga 2004 a jihar Indiana ta Amurka ake yin ta. Hilux kuwa galibi daga Tailan ko Afirka ta Kudu. Duba lambar bodi mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba: in ta fara da J, Japan ce, 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada.

Su masu riƙe da ita me suke faɗa?

Wani dattijon direba da ke jigila tsakanin Babbar Tasha da Illela, wanda nake kira Baba, na taɓa tambayarsa me ya hana shi canza tsohuwar Carina ɗinsa. Kujerun sun sha ɗinki, ƙofar baya sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Ya buga tafin hannu a kan bonet ya ce, "Malam, motag ga ita ta aurar min da ɗiya ukku. Mi za ni nema wurin wata?" Abin da ya fi yabo ba gudu ba ne. Cewa ya yi duk abin da zai lalace sai ta ba shi sanarwa tukuna, ƙara ko rawa ko wari, ba ta yi masa kwatsam a tsakiyar hanya da fasinja da buhunan albasa.

Ma'aikata masu Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 maganarsu ɗaya ce: mai kaɗan, gareji jefi-jefi. Injinta mai lita 1.8 da sarƙa yake aiki a ciki, ba bel ba, don haka babu fargabar tsinkewa. Masu iyali da yawa sun fi son Sienna, sai dai kowa cikinsu na kuka da shan mai, injin silinda shida ne ba wasa ba. Hilux kuwa sunanta ya wuce nan. Yaƙin Chadi da Libiya na 1987 har yau Yaƙin Toyota ake ce masa, saboda a kan irin waɗannan a-kori-kura da Land Cruiser sojojin Chadi suka ratsa hamada.

Ƙorafin da kowa ke yi biyu ne. Tana da tsada a hannu, don dillali ya san ko ka ƙi wani zai ɗauka. Kuma abin da ya sa kayanta ke da kasuwa shi ya sa ɓarayi ke son ta.

Kana nufin ba ta da aibi ke nan?

Wane mutum! A 2009 da 2010 kamfanin ya janye miliyoyin motoci saboda totur da ke maƙalewa, wani lokaci tabarmar ƙasa ce ke danne shi, kuma an rasa rayuka. A 2014 ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala biliyan 1.2 saboda ɓoye gaskiyar matsalar. Janye motocin ya zo ne jim kaɗan bayan ya wuce kamfanin General Motors na Amurka a 2008 ya zama na ɗaya a duniya, kuma shugabansa na lokacin, Akio Toyoda, ya amsa a gaban majalisar Amurka cewa sun yi saurin girma.

Wadda ta fi shafar mu ita ce Camry ƙirar 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle. Injinta mai lita 2.4 ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda matsalar fistin da ringi, kamfanin da kansa ya yarda da haka. Ba duka ke yi ba, amma mai irinta ya riƙa jan sandar gwaji duk mako.

Bakanikena ya ce a zafin Sakkwato dole a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye. In yarda?

Kada ka yarda, Alhaji. Ni na yarda sau ɗaya, kuma na biya.

Wani Afrilu ne, rana ta haura digiri 40, ina dawowa daga Bodinga na ga allura ta fara hawa. Na shiga wani gareji. Maigidan bai ko sunkuya ba, ya ce ai tamostat na ƙasar sanyi ne, ya sa yaronsa ya kwance ya miƙo mini wani ɗan ƙarfe mai sifirin kamar murfin gwangwani, ya haɗa fanka ta riƙa juyawa tun daga kunna mota. Allura ta kwanta, na yi godiya har da ƙarin na goro. Cikin wata biyu na ga mai ba ya kai ni inda ya saba, filogi sun yi baƙi ƙirin. Da na kai wa wani tsohon bakanike, ya buɗe lagireto ya nuna mini: tsatsa da farin datti sun toshe ramukan. Shekaru ina zuba mata ruwan burtsatse. Ciwon ke nan tun farko, wancan ya kashe alamar ne kawai.

Tamostat aikinsa ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 80 zuwa 90. Idan babu shi, inji ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu sanyi ake, ta yi ta ƙara mai. Da hunturu abin ya fi muni. In mota na zafi, a duba lagireto, murfinsa, famfon ruwa da fanka, a kuma zuba ruwan sanyaya inji na gaske, mai launin nan, wanda ke hana tsatsa kuma ba ya saurin tafasa.

Tun da muna kan yanayi: lokacin hazo ƙura kan toshe matatar iska da wuri, a riƙa cire ta ana dubawa. Juye kuma kada a jira baƙin mai ya yi kauri, kuma a guji na awo a gefen titi wanda ba a san asalinsa ba.

Corolla, Camry ko Honda?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan tambayar ta kusa amsa kanta. Mai zirga-zirga tsakanin Mabera, Arkilla da ofis, Corolla ta ishe shi. Mai yawan tafiya Gusau ko Kaduna zai fi jin daɗin Camry, ta fi zama a kan titi. Honda Accord mota ce mai kyau, ta fi daɗin tuƙi ma, sai dai ƙafarta ta gaba na son kulawa a hanya mai ramuka.

Gobe zan je ganin wata ta hannu. Me zan duba?

Je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka zo. Taɓa bonet ka ji sanyi, sannan a kunna kana tsaye a baya kana kallon salansa. Shuɗin hayaƙi na nufin tana ƙona baƙin mai. Buɗe murfin baƙin mai ka leƙa, in ka ga dasƙararren baƙin abu kamar kwalta, an yi mata rowar juye.

Lokacin da aka murɗa makulli, duk fitilun gaban direba su kama sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila cire ta aka yi don kada ta yi tsegumi. Kada lambar tafiyar da ke mita ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya, kuma 'yar Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Sitiyari da fedar birki sun fi mita faɗin gaskiya. Ɗaga kafet ka shinshina, motar da ambaliya ta ci ba ta rabuwa da warin rima. Sa bakanike ya leƙa ƙasa ya ga ko an sace abin tace hayaƙin da suke kira indomi. A gefen taya akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma tsohuwar taya a kwaltar Afrilu ba abin wasa ba ce.

Sai takardu. A farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da ta biyo ta Nijar sai an yi hattara. Ɗauki takardar kwastan ka kai ofishinsu da kanka a tantance, ka kuma gwada lambar bodin da ke takarda da wadda ke jikin motar harafi bayan harafi. Bakaniken da za ka tafi da shi ya zama naka, ka biya shi kuɗin yininsa tun daga gida, kada ya tsaya jiran rabon la'ada daga dillali.