Yawon buɗe ido a Brisbane cikin ayari: tambayoyi da amsoshi

Tun da muka dawo ake ta min tambayoyi kan Brisbane, musamman masu shirin zuwa a ƙungiyance, ko dai dangi ko 'yan makaranta ko waɗanda taro ya kai su. To bari in amsa su waje ɗaya in huta.

Wai ina ne Brisbane ɗin, kuma me ya sa ake ce masa birnin kogi?

Babban birnin jihar Queensland ne a gabashin Ostireliya, shi ne na uku a girma bayan Sydney da Melbourne, kuma shi zai karɓi wasannin Olamfik na 2032. Kogin Brisbane ya ratsa tsakiyar garin yana ta lanƙwashe-lanƙwashe kamar maciji, shi ya sa wani lokaci ka hango wuri gab da kai a tsallake amma in a mota ne sai kun yi zagaye. Kogin nan ba abin wasa ba ne fa, ya yi mummunar ambaliya a 1974 da 2011 da kuma 2022.

Mu goma ne ko fiye, ya za mu yi da zirga-zirga?

Nan ne zan fi daɗewa don nan rigimar ayari take farawa. Ku manta da tasi, mutum goma tasi uku kenan, ɗaya ta riga isa ɗaya ta ɓata hanya, sai a wuni ana kiran waya ana ina kuke ina kuke. Ku hau CityCat, jiragen ruwa ne na haya da suke aiki tun 1996, suna tashi daga tashar jami'ar Queensland a St Lucia har Northshore Hamilton suna tsayawa tasha-tasha a gaɓa biyun. Jirgi ɗaya ya kwashe ku duka, tsofaffi su zauna ciki, matasa masu hoto su fita gaba iska na kaɗa su, kuma daga wannan kai zuwa wancan tafiyar ta fi awa ɗaya, kafin ku sauka kun ga rabin garin ba wanda ƙafarsa ta yi ciwo.

Kuɗin ma abin dariya ne, tun watan Agusta 2024 gwamnatin jihar ta mayar da kuɗin bas da jirgin ƙasa da jirgin ruwa santi 50 kacal, wato rabin dalar Ostireliya. Abu ɗaya dai, kowa da katinsa. Ba a yin wannan na shugaban tafiya ya biya wa kowa da kati ɗaya, ko go card, wato katin biyan kuɗin sufuri na garin, ko katin banki, kowa ya taɓa nasa lokacin shiga ya sake taɓawa lokacin sauka. Ku saya wa kowa tun ranar farko, har da Hajiya da za ta ce ai ita ba inda za ta.

Ina za mu fara?

South Bank. Wurin da aka yi baje kolin duniya na 1988 ne aka mayar da shi lambu a bakin kogi, kuma a ganina babu inda ya kai shi dacewa da ayari saboda kowa zai samu nasa ba tare da an yi nisa da juna ba. Yara akwai Streets Beach, wani bakin ruwa da aka ƙirƙira da yashi da komai a tsakiyar gari, kyauta ne kuma akwai masu tsaron masu iyo. Masu son tarihi gidan tarihin Queensland da gidajen zane-zane na QAGOMA suna nan kusa, shiga kyauta sai dai in nuni ne na musamman. Masu son hango gari daga sama ga babban lilon nan Wheel of Brisbane. Ku ce ƙarfe kaza a haɗu a gindin lilon, don daga ko'ina ana hangensa, kowa ya kama gabansa.

Dole ne mu riƙa tafiya tare ko'ina?

A'a wallahi. Misali gadar Story Bridge da aka buɗe a 1940, ana hawa har ƙololuwarta da igiya a ƙugu, da tsada kuma ba kowa zuciyarsa za ta ɗauka ba, to me zai sa mutum takwas su zauna jiran mutum biyu? Masu hawa su hau, sauran su je saman duwatsun Kangaroo Point su shimfiɗa abin zama su kalli gari. Haka hasumiyar agogon City Hall, hawa kyauta ne amma lif ɗin tsoho ne mutane kaɗan yake ɗauka a lokaci guda kuma sai an kama gurbi tun da wuri.

Koala da kangaru fa?

Lone Pine, wani gidan kula da koala da sauran dabbobi ne, tun 1927 yake. Ana zuwa a bas, akwai kuma jirgin ruwa da ke tashi daga South Bank da safe. Za ku ba kangaru abinci da hannunku, amma wanda ya taho da burin rungumar koala a hoto ya haƙura, sun daina wannan tun Yuli 2024. Ku ware masa rabin yini.

Za a iya wanka a kogin?

Kar ma a fara. Akwai kifin shak a ciki, ga jirage na kai da kawo.

Salla da abinci?

Masallacin Holland Park yana nan, asalinsa tun 1908, akwai kuma na Kuraby, sai dai duk a kudancin gari suke ba a bakin kogi ba, don haka ranar Juma'a ku tsara fitarku da wuri. Abincin halal ba ya wahala, shagunan kebab da na Indiyawa da 'yan Malesiya sun cika gari, ku dai tambaya. In kewar abincin gida ta taso ku nufi unguwar Moorooka, shagunan 'yan Sudan da Habasha da Somaliya ne jere a kan titi. Ku kuma sani yawancin wuraren shan shayi suna rufewa tun kafin la'asar, ayari mai son fita ƙarfe biyu na rana zai sha mamaki.

Wane lokaci ya fi?

Yanayinsu a juye yake. Disamba zuwa Fabrairu zafi ne mai gumi da hadari da yamma, Yuni zuwa Agusta sanyi ne mai daɗi ba mai tsanani ba. Ni Oktoba na fi so, lokacin da bishiyoyin jakaranda suke fure mai launin shunayya a lambun New Farm, kuma CityCat na tsayawa a bakinsa. Da yamma ku hau dutsen Mount Coot-tha ku hango gari da kogin gaba ɗaya. Kar wani ya ce shi ɗan Sakkwato ne rana ba ta yi masa komai, ranar can tana ƙona fata, a sa hula. Kuma suna gaban Najeriya da awa 9, kwana biyun farko rabin ayarin barci zai riƙa yi da tsakar rana.

Za mu iya tahowa da kilishi da dambun nama?

Ku bar su a gida. Ostireliya ba ta wasa da shigo da nama da tsirrai da iri, a jirgi za a ba kowa kati ya cike, duk abin ci da ke jakarka ka rubuta shi, ko goro ne ko yaji ko kuka, su duba su ce wannan ya wuce wannan a zubar. Wanda ya ɓoye aka kama tara ce mai nauyi, har biza ana iya sokewa. Kafin a rufe akwatuna shugaban tafiya ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya, musamman wanda aka ba saƙo ya kai wa wani ɗan uwa.