Waiwaye: Yadda tozo ya zama abin awo a cinikin naman shanu

Shanun Ingila irin su Shorthorn da Hereford da aka kai jihohin kudu na ƙasar Amurka ba su ji da daɗi ba. Rana ta hana su kiwo, kaska ta addabe su. Dole makiyaya suka waiwayi shanu masu tozo 'yan asalin Indiya, waɗanda daga cikinsu aka fitar da irin Brahman, har masu kiwonsa suka kafa ƙungiya a 1924.

A gandun King Ranch da ke Texas aka fi nacewa kan haɗa jinin biyu. Wani bijimi da aka haifa a 1920, ana ce masa Monkey, shi ne uban irin Santa Gertrudis da ma'aikatar noma ta Amurka ta amince da shi a 1940: kashi biyar cikin takwas Shorthorn, uku Brahman. Irin Brangus ma wannan awon aka bi, sai dai da shanun Angus a madadin Shorthorn. Maruƙan suka jure zafi, suka yi saurin girma, kowa na murna.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an yanka an feɗe. Tun wajen 1970 cibiyar binciken dabbobin nama ta Clay Center a Nebraska take gwada ruwa-biyun shanu iri-iri. Akan dafa yankan nama, a huda shi a ciro ɗan dogon gutsure, a sa wata na'ura ta datse shi tana auna ƙarfin da ta kashe. Abin da ya yi ta fitowa: gwargwadon yawan jinin Brahman, gwargwadon taurin nama, kuma kitsen nan da ke ratsa tsoka kamar zare yana raguwa. Daga baya aka gano dalili. Naman masu tozo yana da yawan sinadarin kalfastatin, wanda ke hana tsoka sakin jiki idan an rataye ta kwanaki a ɗakin sanyi. Jinin shanun Charolais da Limousin na Faransa kuwa tsoka ya ƙara, kitsen ya ja baya.

Shi ya sa tozo ya zama shaida. Tambarin ingancin nama na Certified Angus Beef, da aka fara a Amurka a 1978, ba ya karɓar sa da tozonsa ya haura inci 2. A Ostireliya ma masu tantance nama sukan auna tsayin tozo kafin su ba da daraja. Ni abin har dariya yake ba ni, don a teburin mai tsire a Kano tozo ne ke fara ƙarewa. 'Yan Brazil ma, masu garken shanu masu tozo irin Nelore, gasa shi suke yi a hankali, suna ce masa kupim.