Sayen jirgin ruwa na hannu mai tafiya da iska

Jirgin ruwa mai tafiya da iska na doguwar tafiya ƙaramin jirgi ne, galibi mai tsawon mita 9 zuwa 15, da ake ɗaura wa manyan ƙyallaye a jikin dogon jigo domin iska ta tura shi. A cikinsa akwai makwanci da madafa da banɗaki da tankin ruwan sha, har mutum biyu ko iyali guda su yi makonni a teku ba su taka ƙasa ba. Yawancin masu irin wannan jirgi na hannu suke saye, kamar yadda ake sayen mota tokumbo a Abuja, saboda sabo yana da tsada ƙwarai, kuma yana fitowa daga masana'anta babu yawancin kayan da doguwar tafiya take bukata. Idan mai talla ya ce jirginsa yana da cikakken kaya, yana nufin mai shi na baya ya riga ya saka kayan wuta, na sadarwa da na ceto.

Tarihi

Jirgin da ya fara zagaya duniya da mutum ɗaya tak a cikinsa na hannu ne. A 1892 aka ba Joshua Slocum, tsohon kyaftin ɗan asalin Kanada, wani ruɓaɓɓen jirgin kamun kawa mai suna Spray da aka yasar a wani fili a Fairhaven, a jihar Massachusetts ta Amurka. Ya kwashe wajen wata 13 yana sake gina shi katako bayan katako. Ya tashi daga Boston a Afrilun 1895, ya dawo Newport a Yunin 1898. A wancan zamani haka sayen tsohon jirgi yake: katako yana ruɓewa, tsutsar ruwan gishiri tana huda shi, wanda kuwa bai iya kafinta ba sai ya riƙe kafinta a kusa.

Faiba, wato haɗin zaren gilashi da roba mai tauri, ita ce ta sauya wannan. An fara gwada ta a ƙananan jirage tun wajen shekarun 1940, amma ana yawan ɗaukar jirgin Pearson Triton, da aka baje kolinsa a New York a 1959, a matsayin wanda ya buɗe kasuwar. Daga nan aka shiga ƙera jirage ɗaruruwa iri ɗaya: Contessa 32 a Ingila da Westsail 32 a Amurka a farkon shekarun 1970, sai Catalina 30 wanda aka yi fiye da 6,000. A Faransa, kamfanin Beneteau, da aka kafa a 1884 yana ƙera jiragen masunta, ya koma faiba a shekarun 1960, daga baya ya shiga sahun manyan masu ƙera jiragen shaƙatawa na duniya. Tun da faiba ba ta ruɓewa, da yawa daga jiragen wancan lokaci suna kan ruwa har yau, sun wuce hannu uku ko huɗu. Su ne tushen kasuwar ta hannu.

Ana yawan cewa jiragen farko sun fi ƙarfi domin an yi jikinsu da kauri. Wasu masana ba su yarda ba, suna cewa kauri daban, ingancin haɗi daban.

Gasar Fastnet ta Agustan 1979 ta bar tabo a wannan fanni. Jirage 303 suka shiga, guguwa ta riske su tsakanin Ingila da Ailan, matuƙa 15 suka rasu. A rukunin ƙananan jirage, wani Contessa 32 mai suna Assent ne kaɗai ya kammala, abin da ya ɗaukaka sunan samfurin a wajen masu sayen na hannu. Binciken da ya biyo baya ya sa aka mai da hankali ga yadda jirgi yake miƙewa bayan igiyar ruwa ta kwantar da shi. Tun 1998 Tarayyar Turai take kasa sababbin jiragen shaƙatawa zuwa rukuni huɗu, A zuwa D. Rukunin A shi ne wanda aka ƙera domin igiyar da ta haura mita 4.

Abin da ake dubawa

Gangar jikin faiba tana iya wuce shekara 40, amma abin da aka ɗaura mata ba ya kai haka. Wayoyin ƙarfen da suke riƙe jigo sukan gaji daga ciki ba tare da ido ya gani ba, shi ya sa kamfanonin inshora da dama suke neman a sauya su bayan kamar shekara 10. Ƙarafan da wayoyin suke kamawa a jikin jirgi sukan yi tsatsa a daidai inda suka ratsa bene, wato saman jirgi da ake takawa, inda ruwan gishiri yake maƙalewa. Shi kansa benen, a jirage da yawa, an cusa katakon balsa a tsakiyarsa domin rage nauyi. In ruwa ya shiga ta ramin kusa, balsar ta ruɓe, sai a ji benen yana lotsawa a ƙarƙashin ƙafa, gyaransa kuwa aiki ne babba. Ƙurajen da suke fitowa a gindin jirgi idan ruwa ya ratsa faiba sun fi tsoratar da mai saye, amma ba kasafai suke nutsar da jirgi ba.

Abin da ya fi haɗari shi ne nauyin gindi, wato dalma ko ƙarfen zubi da aka ɗaure a ƙasan jirgi da manyan kusoshi domin kada iska ta kifar da shi. A Mayun 2014 wannan nauyi ya cire daga jirgin Cheeki Rafiki a tsakiyar Tekun Atlantika, yana dawowa Ingila daga Antigua, mutum huɗu suka rasu. Masu binciken Birtaniya sun nuna cewa karon da jirgin ya taɓa yi da ƙasa a baya yana iya zama abin da ya raunana wurin. Saboda haka mai saye mai hankali yakan tambaya kai tsaye ko jirgi ya taɓa karo da dutse ko yashi, da wanda ya gyara.

Injin dizal, galibi Yanmar ko Volvo Penta, ana duba awannin da ya yi aiki da littafin gyaransa, a kuma tayar da shi yana sanyi.

Kayan tafiya

Jerin kayan da ake kira cikakke yakan ƙunshi sola da batura, injin tace ruwan teku ya zama na sha, na'urar tuƙi da kanta, injin jan anga, rediyo, na'urar AIS mai nuna jiragen da ke kusa, na'urar EPIRB mai aika kiran ceto ta tauraron ɗan Adam, da kwalekwalen ceto mai kumbura. A nan ne aka fi ruɗar sabon shiga. Na'urar lantarki da ta shekara 15 ba ta ƙara wa jirgi daraja, batir yana da wa'adi, kwalekwalen ceto kuma sai an kai shi gwaji duk bayan kamar shekara 3. Tsawon jerin kaya bai kai ranar sayen kowannensu muhimmanci ba, kuma rasit ne kaɗai yake tabbatar da ita.

Ciniki

Akan bi ta hannun dillali, mai sayarwa ne yake biyan la'ada. Mai saye yakan taya, ya ajiye kafin alƙalami, galibi kashi 10 cikin 100, bisa sharaɗin gwaji. Sai ya ɗauko safiyon jirgi, wato masanin da ke duba lafiyar jirgi, nasa na kansa, ba na dillali ba, a ɗaga jirgin daga ruwa a ƙwanƙwasa jikinsa da guduma, a auna damshi, sannan a fita da shi teku. In an sami aibu, a rage kuɗi ko a fasa. Ana kuma tabbatar da cewa babu bashin banki a kansa, domin a ƙasashe da yawa bashin yana bin jirgin ne, ko hannun wa ya koma. Manyan kasuwanni suna Girka, Kuroshiya, Turkiyya, Florida da tsibiran Karibiyan, inda kamfanonin haya suke sayar da jiragensu bayan kamar shekara 5 suna aiki.

A Abuja

Abuja tana nesa da teku da ɗaruruwan kilomita. Tafkin Jabi, wanda madatsa ce ta samar da shi, ya dace da kwalekwale da ƙananan jiragen inji na shaƙatawa, amma bai isa fili ga jirgin da gindinsa yake nutsewa kusan mita 2 ba. Mazaunin Maitama ko Gwarinpa da ya sayi irin wannan jirgi sai ya ajiye shi a Legas, inda ƙungiyar Lagos Yacht Club take tun 1932, ko kuwa ya bar shi a ƙasar da ya saya ya riƙa zuwa. Kowanne ya zaɓa, kuɗin ajiya da inshora da gyara suna tafiya ko jirgin bai motsa ba. Masu harkar sukan ƙiyasta su da kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin jirgin kowace shekara, yawanci kuma da kuɗin waje ake biya.

Shigo da shi Najeriya yana bi ta kwastan kamar sauran kaya. Rajistar jiragen teku tana hannun hukumar NIMASA, ruwayen cikin gida kuma na hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja. Jirgin da aka sayo daga Amurka wutarsa ta bolt 110 ce, ba ta dace da ta Najeriya ba sai an sauya, na Turai kuwa ya dace. Matsalar fashin teku a Mashigin Gini, duk da raguwarta tun daga 2021, tana sa wasu kamfanonin inshora ƙara kuɗi ko cire yankin daga yarjejeniya.