Waiwaye Kan Toshe EGR: Daga Hazon Los Angeles Zuwa Garejojin Zariya

Duk wanda ya taɓa riƙe motar dizal mai jan ƙafa huɗu a Zariya, Hilux ce ko Land Cruiser ko L200, ya san wannan rana. Mota ta ɗauko buhunan masara daga wani ƙauye bayan Giwa, ko ta faɗa laka a hanyar Soba cikin watan Agusta, ka taka totur amma sai nishi take, baƙin hayaƙi na turnuƙewa a baya. Ka lallaɓa ka kai ta gareji a Sabon Gari ko Kwangila. Bakanike ya kwance manifol ɗin da ke kai iska cikin inji, ya haska maka, sai ka ga wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta ya liƙe ciki har ramin ya kusa rufewa. Maganar da ke biyo baya kusan ɗaya ce a ko'ina: "Alhaji, EGR ne. Wannan na ƙasar Turawa ne, a nan wahala kawai yake kawowa. A toshe shi a huta."

Toshewar ba ta da wuya. Ɗan faifan ƙarfe ne ake yankawa a saka tsakanin bututun hayaƙi da na iska, shi ke nan. Mota ta dawo da ƙarfinta, mai ita ya tafi yana sa albarka. Amma kafin a yarda cewa faifan ne ya yi aikin, ya kamata a san inda wannan bawul na EGR, wanda ke mayar da hayaƙi cikin inji, ya samo asali, da abin da ya sa yake cutar da injinan nan fiye da na can.

Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kashi 21 oksijin. A fili ba ruwan ɗaya da ɗaya. Amma a cikin silinda, idan zafin wuta ya kai wajen digiri 1,500 zuwa sama, sai su haɗe su zama iskar da ake kira naitirojin oksayid. Ba ta da baƙi irin na hayaƙin da muka saba gani, shi ya sa ba a tsoronta, alhali ita ce ke ƙona maƙogwaro da hanyoyin numfashi, tana tayar wa masu asma ciwonsu. Dabarar EGR ita ce a ɗebo kaɗan daga hayaƙin da inji ya riga ya fitar a mayar da shi ciki tare da sabuwar iska. Hayaƙin nan oksijin ɗinsa ya ragu, saboda haka wuta ba ta kai ƙololuwar zafinta. Kamar dai yadda mai tuya ke barbaɗa toka a kan garwashi idan wuta ta yi yawa: ba ta kashe ta ba, ta lafar da ita ne.

Labarin ya faro ne daga Amurka. A shekarun 1940 birnin Los Angeles ya riƙa lulluɓewa da wani hazo mai sa hawaye, aka rasa gane kansa, har aka ɗora laifin a kan masana'antu. Wani masanin sinadarai ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit, shi ne a farkon shekarun 1950 ya nuna cewa hayaƙin motoci ne ke haɗuwa da hasken rana ya haifar da hazon, kuma naitirojin oksayid na cikin manyan masu laifi. A 1970 Amurka ta tsaurara dokar tsabtar iska ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta EPA. Zuwa 1973 bawul ɗin EGR ya bazu a motocin fetur na ƙasar. Tun a lokacin direbobi suka tsane shi, domin na farkon nan da tsotson iska yake aiki, yakan buɗe a lokacin da bai kamata ba, mota ta riƙa sarƙewa. Wato toshe EGR ba makanikan Zariya suka fara ba; tun shekaru hamsin da suka wuce ake yi.

Motocin fetur sun sami sauƙi daga baya, da aka ƙirƙiro na'urar tace hayaƙi da ake ɗaurawa a salansa. Dizal kuwa bai sami wannan gata ba. Injin dizal da iska mai yawa yake aiki, hayaƙinsa cike yake da ragowar oksijin, kuma irin waccan na'urar ba ta iya warware naitirojin oksayid a cikin irin wannan hayaƙi. Ga shi kuma matsewar iska da zafin da ke sa dizal tsimin mai su ne dai ke haifar da gubar. Da Turai ta fara dokokinta na Euro a 1992, sai ta riƙa matse iyaka mataki-mataki. Ga ƙananan motocin dizal, Euro 3 na shekarar 2000 ya yarda da giram 0.50 na naitirojin oksayid a kowace kilomita, Euro 4 na 2005 ya rage zuwa 0.25, Euro 5 na 2009 zuwa 0.18, Euro 6 na 2014 ya kai 0.08. Kowane mataki ya tilasta wa kamfanoni ƙara yawan hayaƙin da ake mayarwa ciki, suka ƙara masa na'urar sanyayawa da ruwan lagireto, suka ɗora ragamarsa a hannun kwamfutar mota.

A nan ne abin da ya shafe mu ya shigo, kuma shi ne aka fi mantawa da shi a gareji. Turawa ba bawul kaɗai suka canza ba, sun canza man ma. Sinadarin salfa da ke cikin dizal ɗinsu ya sauko daga kashi 500 cikin miliyan a 1996 zuwa 350 a 2000, zuwa 50 a 2005, zuwa 10 a 2009. Inji da mai tare suka yi tafiya. Najeriya kuwa shekaru da yawa iyakarta kashi 3,000 ce cikin miliyan, ninki 300 na abin da Turai ta tsaya a kai. A watan Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoton da ya fallasa yadda 'yan kasuwar mai na Turai ke haɗa dizal mai yawan salfa musamman don kasuwar Afirka ta Yamma. A Disambar shekarar aka yi taro a Abuja, Najeriya da Benin da Togo da Gana da Kodebuwa suka amince su koma kashi 50. A Fabrairun 2020 ministocin ECOWAS suka sake tabbatar da wannan adadi a Wagadugu, dokar man fetur ta 2021 ma ta ɗauke shi. Aiwatarwa dai ta yi ta jan ƙafa, har a 2024, bayan matatar Dangote ta fara sayar da dizal, batun yawan salfa ya zama abin cacar baki a fili tsakanin matatar da hukumar da ke sa ido kan harkar.

To ka ɗauki injin da aka ƙera don man kashi 10, ka shayar da shi man da ya ninka haka sau ɗaruruwa. Salfa na ƙara kunkunniya a hayaƙi, kuma idan hayaƙin ya huce a na'urar sanyayawa, ya haɗu da raɓa, sai ya zama asid mai cin ƙarfe. Kunkunniyar nan idan ta shiga manifol takan tarar da tururin baƙin mai da inji ke hurowa daga ƙasa ta bututun numfashinsa. Busasshiyar kunkunniya da tururin mai, su ne suka haɗu suka zama kwaltar da bakanike ya nuna maka. Ƙara da ƙurar hunturu da ke toshe filtar iska, da man 'yan bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba, da barin inji yana aiki a tsaye awa guda a bakin kasuwa, wanda a lokacin ne bawul ke yawan zama a buɗe. Saboda haka idan bakanike ya ce abin yana kawo wahala a nan, gaskiya ya faɗa. Inda na rabu da shi shi ne wurin ɗora laifin.

Akwai kuma tarihinmu na gida. Tun da daɗewa aka janye tallafi daga dizal aka bar shi a kan fetur, har zuwa 29 ga Mayun 2023. Wannan ya sa yawancin Hilux ɗin da ke yawo a Arewa na fetur ne. Masu dizal ɗin galibi daga gwanjon ƙungiyoyin agaji da kamfanonin gine-gine da ayyukan gona suke fitowa, ko kuma 'yan Beljiyam ne da suka shigo ta Kwatano. Makanikanmu na gas, kamar yadda ake kiran dizal a gareji, a kan tsofaffin injina suka koyi aiki: manyan motoci da taraktoci da injin 1HZ na Land Cruiser, mai lita 4.2 da silinda shida, wanda Toyota ta fara yi a 1990, ba shi da turbo, famfon mansa na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta. Irin waɗannan injina spana da kunne sun ishe su. Da sababbin injinan Toyota masu kwamfuta, wato D-4D, irin su 2KD da 1KD suka iso, sannan 1GD mai lita 2.8 daga 2015, sai aka tunkare su da ilimin da aka gada. Ban ga laifin kowa ba a nan. Mutum abin da ubangidansa ya koya masa yake yi, kuma ba wanda ya zo ya koya musu sabon.

Sai dai sabon inji ba ya yarda a rufe shi. Kwamfutarsa na auna yawan iskar da ke shiga. Idan ta umarci bawul ya buɗe, tana jiran ta ga sabuwar iska ta ragu. Da faifai a wurin, ba abin da zai ragu, sai ta kunna fitilar gargaɗi, ta rubuta lambar P0401 mai nuna hayaƙin EGR ba ya wucewa yadda ya kamata, wasu motocin ma ta rage musu ƙarfi da gangan. Daga nan sai a tura ka wurin mai kwamfuta ya goge EGR daga ƙwaƙwalwar motar, kuma sau da yawa a wannan zaman ne ake cewa bari a ƙara mata wuta. Ƙarin wutar nan ƙarin mai ne da ƙarin matsin turbo. Shi ke ba da ƙarfin da ake ji, shi ne kuma ke ƙara zafin da ke iya tsaga fistin idan mota ta ɗauki kaya tana hawa gangare da rana tsaka.

Abin da ya kamata kowane mai mota ya riƙe shi ne wannan: a lokacin da ka taka totur har ƙasa, wato lokacin da kake buƙatar ƙarfi a cikin laka ko yashi, lafiyayyen bawul ɗin EGR a rufe yake ko kusa da rufe. A tafiyar sannu da ta matsakaicin nauyi yake buɗewa. Ƙarfin da ke dawowa bayan toshewa, mafi yawansa daga wanke manifol ɗin da aka yi a rana guda yake zuwa, ko daga rufe bawul ɗin da ya maƙale a buɗe. Na ga haka a motar gonarmu. Aka kwance, aka kankare, aka wanke bawul, aka mayar ba tare da faifai ba, ta hau hanyar Hunƙuyi da lodi kamar ba ita ba.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. Toshewa na hana manifol sake cikewa, baƙin mai na daɗewa bai yi baƙi ƙirin ba, hayaƙin da ido ke gani na iya raguwa, kuma an rabu da haɗarin yoyon na'urar sanyayawa, matsalar da ta sa kamfanin BMW ya janye motocin dizal wajen miliyan 1.6 a 2018 saboda fargabar gobara. Wannan riba ce ta gaske ga mai mota. Amma hayaƙin da ido ba ya gani ninkuwa yake yi, kuma ba mai motar ke shaƙarsa ba. Mai tallar rake a Kwangila ke shaƙa, da ɗan acaɓan da ke bayanka a cunkoson PZ, da yaron garejin da ke tsugune a bakin salansa ana gwada inji. Wannan ne ke damuna a lamarin, domin waɗanda ke biyan kuɗin ba a tambaye su ba.

Duniya ta ɗauki batun da zafi. A Satumban 2015 aka gano Volkswagen ta sa wa motocin dizal kusan miliyan 11 manhajar da ke gane lokacin gwaji, ta rage guba a ɗakin gwaji ta sake ta a kan titi, har wasu na fitar da ninki 40 na abin da dokar Amurka ta yarda. A 2020 hukumar EPA ta ƙiyasta cewa an cire na'urorin tace hayaƙi daga a-kori-kura na dizal sama da 550,000 a Amurka, kuma ta ci tarar kamfanoni da dama masu sayar da kayan toshewar. A Najeriya hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin hayaƙin motocin fetur da dizal a 2011. A kan titunan Zariya dai takardu na ga ana dubawa, ban taɓa ganin an sa na'ura a salansa ba.

Tsakanin toshewa da haƙuri da kwalta akwai hanyar da wasu makanikai suka fara bi. A wanke bawul da manifol lokaci-lokaci kafin su cike. A ɗaura ƙaramin gwangwanin da ke tare tururin baƙin mai kafin ya isa manifol, domin kunkunniyar da ba ta sami mai ba wucewa take ba ta liƙewa sosai. A duba nozul mai fesa mai cikin silinda, tunda nozul mai ɗiga ya fi komai ƙera kunkunniya. A riƙa canza filtar iska da wuri a hunturu, a sha mai a gidan man da aka amince da shi, a daina barin inji yana kaɗawa a tsaye ba dalili. Zariya na da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, tun 1986, ga tsangayar injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, kuma daga ƙofarsu zuwa garejojin Kwangila tafiyar 'yan mintoci ce. Abin da nake fatan gani shi ne a ɗauki Hilux ɗaya mai injin 2KD, a auna ƙarfinta da shan manta da hayaƙinta da faifai, a wanke ta a sake aunawa ba faifai, a gaban makanikan da za su yi aikin gobe.