Amsar tuhuma a kotun laifuka: kalmomin Turanci da ƙa'idarsu

A kotunan ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, amsar da wanda ake tuhuma yake bayarwa bayan an karanta masa laifin da ake zarginsa da shi ita ake kira *plea*, zaman da ake gurfanar da shi domin jin amsar kuma *arraignment*. Amsar nan matsayi ne da mutum yake ɗauka a gaban alƙali kafin a saurari shaidu. Hukunci sai daga baya yake zuwa, kuma yawancin kurakuran masu rubuta labarin kotu daga cakuɗa waɗannan abubuwa biyu suke tasowa.

Manyan amsoshin biyu ne: *guilty*, wato amsa laifi, da *not guilty*, wato ƙin amsawa. Wanda ya ce *not guilty* ba rantsuwa ya yi cewa hannunsa fes yake ba, abin da yake nufi shi ne masu gabatar da ƙara su kawo hujjarsu. Shi ya sa *pleaded innocent* ba daidai ba ne, domin babu irin wannan amsar a kotu. Jaridun Amurka sun daɗe suna rubuta haka, saboda fargabar kada kalmar *not* ta salwanta wajen buga jarida a mayar da mai musu mai amsa laifi. Uzuri ne mai ma'ana, amma bai mayar da kalmar ta kotu ba.

Ƙananan kalmomin haɗi ma suna da ƙa'ida. Ana cewa *pleaded guilty to theft* idan mutum ya amsa da bakinsa, amma *found guilty of theft* idan kotu ce ta same shi da laifi. Game da aikin da ya wuce kuwa, *pleaded* ce aka fi yarda da ita a rubutun jaridu da na Ingila; *pled* tana da tushe a Sikotilan, lauyoyin Amurka da yawa kuma ita suke furtawa.

Amsa ta uku ta Amurka ce: *nolo contendere*, da Latin, ko *no contest*. Mai ita bai amsa laifi ba, bai kuma yi jayayya ba, kuma za a hukunta shi kamar wanda ya amsa. Amfaninta shi ne galibi ba a iya kafa hujja da ita a kansa idan an kai shi ƙarar neman diyya. A kotunan tarayya sai da izinin alƙali ake karɓarta. Da ita mataimakin shugaban Amurka Spiro Agnew ya amsa tuhumar kauce wa biyan haraji a 1973, ranar da ya ajiye muƙaminsa.

Sau da yawa ana rikita ta da *Alford plea*, alhali ba ɗaya ba ne. Wannan amsa laifi ce sosai, sai dai mai yin ta yana ci gaba da cewa bai aikata ba, ya dai ga hujjojin sun yi masa nauyi. Sunan ya fito ne daga shari'ar Henry Alford, wanda ya amsa laifin kisa mai sauƙin daraja don ya tsira daga hukuncin kisa a Karolina ta Arewa. Kotun Ƙolin Amurka ta amince da amsar a 1970. Kotunan Ingila ba sa karɓar amsa mai baki biyu irin wannan.

To idan mutum ya yi gum fa? A da, a Ingila, akan danne shi da nauyi har ya amsa ko ya mutu, azabar da ake kira *peine forte et dure*. Haka ma aka kashe wani mutum mai suna Giles Corey a garin Salem na Amurka a 1692, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Ingila. An soke ta a 1772, aka riƙa ɗaukar shiru a matsayin amsa laifi, sai dokar 1827 ta juya lamarin, kotu ta koma rubuta masa *not guilty*.

Akwai kuma *autrefois acquit* da *autrefois convict*, daga tsohon Faransancin kotu, inda mutum yake cewa an riga an wanke shi ko an hukunta shi a kan wannan laifin. *Plea bargain* kuwa ba amsa ba ce, yarjejeniya ce da masu gabatar da ƙara: a amsa laifi, a samu sassauci a tuhuma ko a hukunci.