Me Ya Sa Muke Fara Motsa Jiki Mu Daina? Tambayoyi da Amsoshi

Kowa ya san motsa jiki yana da amfani, ba sai an yi masa wa'azi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗorewa: a yi sati biyu da zafi-zafi, sai kambas ya koma ƙarƙashin gado. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan.

Na sha farawa ina dainawa. Lalaci ne ke damuna?

Ba lallai ba ne. Yawanci farawar ce ke zuwa da kuskure. Mutum ya je asibiti an auna shi, an ce jininsa ya hau ko sukari ya fara leƙowa, sai tsoro ya kama shi. Washegari ya fita gudu kamar wanda aka biyo, alhali rabonsa da gudu tun yana sakandare. Kwana biyu sai cinyoyi su yi tsami, ko sujada da ƙyar. Wannan tsamin ya fi tsanani a rana ta biyu zuwa ta uku, kuma yakan wuce da kansa, amma a nan mutane da yawa ke ajiye aikin. Tsoro wutar kara ne, yana kamawa da sauri ya mutu da sauri.

Abin da ke riƙe mutum shekara da shekaru shi ne sabo, kuma sabo yana cin lokaci. A wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, wanda ya fito a 2009, an bi mutanen da ke ƙoƙarin mayar da wani sabon aiki ya zame musu jiki. Matsakaicin lokacin da ya ɗauka kwana 66 ne, wasu kwana 18, wasu kuma an ƙiyasta sai sun kai 254. Kuma tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Saboda haka wanda ya yi sati uku yana jin har yanzu dole yake yi wa kansa, lafiyarsa ƙalau, lokacin ne bai yi ba. Musulmi ma ya san hadisin da ke cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Fara da tafiyar minti 10, wadda ko ranar da ba ka jin daɗi ba za ka ji kunyar yin ta ba.

To nawa ne ya isa?

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, sannan kwana biyu a mako ya yi abin da ke ƙarfafa tsoka. Minti 150 ɗin, minti 30 sau biyar ke nan, kuma ana iya gutsuttsura shi. Matsakaici shi ne tafiyar da za ka iya magana a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba. Batun taku 10,000 da wayoyi ke ƙirgawa kuwa, asalinsa sunan wata na'urar ƙirga taku ce da aka tallata a Japan a 1965. Kada ka karaya don ba ka kai ba. Amfani yana farawa tun ƙasa da haka.

Ai ina wahala a wurin aiki. Wannan bai wadatar ba?

Ya danganta da irin wahalar. Manomi da damina, ɗan garuwa, ɗan dako, matar da ke daka da ɗiban ruwa, waɗannan sun wuce abin da ake nema nesa ba kusa ba, abin da suke buƙata hutu ne da abinci. Amma gajiya daban, motsi daban. Mai shago a Kantin Kwari zai iya wuni yana ciniki har muryarsa ta dishe, ya koma gida a gajiye liƙis, alhali tun safe a kan benci yake, yaro ne ke ɗauko yadi yana mayarwa. Haka direban adaidaita sahu, haka tela, haka ma'aikacin ofis.

Wannan bambanci shi ne ma tushen ilimin gaba ɗaya. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin bas-bas masu bene na Landan da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, awanni ɗaya. Direba yana zaune, kwandasta yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Kwandastan nan bai taɓa sa kayan wasanni ba, aikinsa ne kawai ke motsa shi.

Yaya zan yi in daina jiran sai na ji sha'awa?

Ka ɗaura motsin a jikin abin da ba ya tashi a ranarka. Mu kuwa muna da sa'a a nan, domin salla biyar ta riga ta yanka mana rana gida-gida. "Zan riƙa motsa jiki" magana ce da ba ta da ranar biya. "In na sallame Asuba zan zagaya unguwa kafin in shiga gida" alkawari ne mai lokaci da wuri. Ga ka a waje, ga takalmi a ƙafa, gari da sanyi, titi ba hayaƙi. Wani kuma ya zaɓi masallaci mai ɗan nisa don Isha'i, ko ya riƙa sauka daga abin hawa tun kafin a kai ƙofar kasuwa ya ƙarasa da ƙafa.

Abu na biyu shi ne abokin tafiya. A ganina wannan ya fi kowace manhajar waya tasiri. Waya za ta yi ƙara ka kashe ta ka gyara kwanciya, amma in Alhaji maƙwabcinka yana tsaye a ƙofar gida yana sallama, kunya kaɗai ta isa ta tashe ka. Sannan ka zaɓi abin da kake so. In gudu azaba ne a wurinka, bar shi. Akwai ƙwallo da yamma, akwai keke, akwai hawan Dala ko Goron Dutse ga mutanen Kano.

Ni mace ce, ba na yawan fita, kuma ba na son a riƙa kallona.

Tsakar gida ta isa. Zagaye da sauri na minti 15 bayan yara sun tafi makaranta, tashi da zama a kan kujera sau goma-goma ba tare da dafa gwiwa ba, tura bango da hannu biyu, ɗaga gorar ruwa, tsallen igiya ga mai ƙarfin gwiwa. Iyayenmu mata sun samu nasu a turmi da rijiya. Yanzu da injin niƙa da famfo suka ɗauke wannan, dole a nemi madadinsa da gangan. Ki jawo 'yar'uwa ko maƙwabciya ku sa lokaci. Mai juna biyu ma, in likita bai hana ba, shawarar dai minti 150 ce a mako.

Maganar kallo kuma ba mata kaɗai ta dama ba. Magidanci ma yana tsoron a ce, "Babba da kai kana tsalle-tsalle?" Mai wannan magana a tuna masa cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta tsere masa a karo na farko, daga baya shi ma ya tsere mata.

Wata biyu ina yi, tumbi yana nan, sikeli bai motsa ba.

Sikeli mugun alƙali ne a wannan shari'a. Rage ƙiba ya fi rataya a kan abin da ake ci da sha. Abin da tafiyar rabin awa ke ƙonawa a jiki bai wuce kwalbar lemo ɗaya da ɗoriya ba. Amma hawan jini, sukari, barci da numfashi suna gyaruwa ko nauyi bai ragu ba. Duba waɗannan: kana hawa bene ba haki? Kana tashi daga tabarma ba dafa ƙasa? Me awon jini ya nuna bana in aka kwatanta da bara?

Zafin bazara, hazon hunturu da azumi fa?

Su ne suka fi katse wa mutane hanzari, don haka a shirya musu tun kafin su zo. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, motsi sai da sassafe ko bayan faɗuwar rana, da ruwa a hannu. Ranar da hazo ya yi kauri, mai asma ya yi nasa a ɗaki. Da azumi a rage, kada a ajiye: tafiya a hankali dab da shan ruwa, ko bayan Tarawihi. In kuma an yi fashin wata guda saboda rashin lafiya ko tafiya, a dawo da rabin abin da aka saba, kada a ce sai an rama.

Na haura sittin, gwiwa na ciwo. Ban makara ba?

Baba, ba ka makara ba, kuma kai ne ma ka fi kowa cin riba. Tsoka tana raguwa da shekaru, amma tana amsa horo ko a tsufa. Ga wanda ya kai 65, an so ya ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako don gudun faɗuwa, kamar tsayawa da ƙafa ɗaya yana dafe da bango. Ciwon gwiwa na amosanin gaɓɓai yakan yi sauƙi da motsi mai laushi, zama ne ke ƙara sandarar da ita. In kana da niyyar Hajji ko Umara, ga dalili a hannu: safa da marwa kaɗai ya kai kusan kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar jifa.

Sai dai mai ciwon zuciya, ko mai sukari da ke shan magani ko yin allura, ya fara ganin likita, ya tambayi lokacin da ya dace da abin da zai ci kafin ya fita. Kuma kowa, yaro ko babba, in ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da kima, ya tsaya nan take a kai shi asibiti.