Gyaran daɓe mai tsohon gam kafin sake shimfiɗa tayil

Gyaran daɓe mai tsohon gam shi ne aikin da ake yi bayan an ɗaye tsohon tayil, ko leda, ko kafet, kafin a shimfiɗa sabon tayil. Sabon gam yana kama abin da ya tarar ne. Idan ya tarar da siminti mai ƙwari, ya kama siminti. Idan kuwa ragowar tsohon gam ya tarar, to ƙarfin tayil ɗin bai wuce ƙarfin wannan ragowar ba. Shi ya sa mai yin aikin da kansa yake fara gano irin gam ɗin kafin ya ɗauki guduma.

Ire-iren tsohon gam

Mafi yawan abin da ake tararwa ƙarƙashin tayil na tangaran shi ne gam na siminti: launin toka ko fari, mai tauri, da layi-layin da cokalin magini mai haƙora ya bari. A gidajen Najeriya da Nijar kuma sau da yawa kwaɓin siminti da yashi ne mai kauri aka ɗora tayil a kai. Wannan bai da haɗari ga sabon aiki. Ana ƙwanƙwasa shi da guduma, inda ya yi amon rami a fasa da cizal, inda ya kama sosai a goge tudun kawai.

Na biyu shi ne gam na roba da ake sayarwa a kwaɓe cikin bokiti, da ɗan'uwansa na kafet da leda, mai launin ruwan ɗorawa. Yawancinsa ruwa na tausasa shi, kuma nan ne aibinsa, domin danshin sabon kwaɓi zai iya narkar da shi a ƙarƙashin tayil. Dole a kankare shi. Ana jiƙa shi da ruwan zafi, a jira ya yi laushi, a bi da makankari mai faɗi.

Na uku shi ne baƙin gam mai kwalta, wanda aka yi amfani da shi sosai a Amurka da Birtaniya wajen liƙa ƙananan tayil na leda har zuwa shekarun 1980. Wani daga cikinsa na ɗauke da ma'adinin asbestos, wanda shaƙar ƙurarsa ke jawo cutar huhu da sankarar da ake kira mesothelioma, kuma cutar kan bayyana ne bayan shekara 20 zuwa 50. Birtaniya ta haramta asbestos gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005. Ido ba ya bambance mai asbestos da marar shi, sai an kai ɗan yanki ɗakin gwaji. Kafin sakamako ya fito, ba a gurza shi da inji, ba a goge shi a bushe. Idan an tabbatar yana da shi, aikin ya fi ƙarfin mai gida, sai ƙwararru.

Mutane da yawa na zuba kananzir ko fetur don narkar da gam. Dabara ce mai sauri, amma muguwa: ban da haɗarin gobara a rufaffen ɗaki, narkakken gam da maiƙo suna nutsewa cikin simintin, su bar wurin da gam ba zai ƙara kamawa ba.

Gwaje-gwaje kafin shimfiɗa

Bayan kankara da shara, ana yayyafa ruwa a daɓen. Idan ya tsotse cikin ƴan mintuna, siminti ya buɗe. Idan ya tsaya ɗigo-ɗigo, da sauran gam ko fenti, sai a gurza da giranda mai faifan daimon. Ƙurar siminti ma tana cutar da huhu, don haka takunkumi mai tace ƙura da tabarau wajibi ne.

Don gane danshi, ana liƙe leda mai faɗin santimita 45 a kan daɓen, a rufe gefunanta da salatif na aƙalla awa 16. Gumi a ƙarƙashinta alama ce ta ruwa na tasowa daga ƙasa.

Sai batun lebur. Ƙa'idar shimfiɗa tayil ta Amurka ta yarda da bambancin tudu da kwari na milimita 6 cikin mita 3 ga ƙananan tayil, amma idan gefen tayil ya kai santimita 38, ta rage zuwa milimita 3. Wato tayil mai santimita 60 da ake yayi yanzu ba ya yafe tudu da kwari yadda ƙananan na da suke yi. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ko katako a wurare daban-daban, a yi wa kwari alama da alli, a shafa ruwan share fage, wato wanda ke sa sabon kwaɓi ya kama daɓen, sannan a cike da wani kwaɓi mai ruwa-ruwa da ke baje kansa. Tsaga mai motsi kuwa, wadda gefe ɗaya ya ɗara ɗaya tsayi, ciko ba ya maganinta. Za ta sake fitowa ta cikin sabon tayil. Idan sabon daɓe aka zuba gaba ɗaya, al'adar magina ita ce a bar shi kwana 28 kafin a ɗora masa tayil.